Tsakanin Teku da Iska: Tambayoyi da Amsoshi kan Kai-komon Yanayi

Duk lokacin da aka ce El Nino ya dawo, ko La Nina ta ƙi tafiya, tambayoyi kusan iri ɗaya ne ke tasowa. Ga su nan an tattara, daga masu sauƙi har zuwa waɗanda su kansu masana ke ja-in-ja a kai.

Me ake nufi da kai-komon yanayi?

Shi ne yanayin wani babban yanki na duniya ya karkata gefe guda na tsawon watanni ko shekaru, sannan ya dawo ya karkata ɗaya gefen, ba tare da wani abu daga waje ya tura shi ba. Zagayowar zafi da sanyi ta kowace shekara ba ta cikin wannan lissafi, domin ita rana ce ke juya ta, kuma kowa ya san lokacinta. Wanda muke magana a kai daga cikin gida yake tasowa, tsakanin ruwan teku da iskar da ke kansa. Wani yakan zagayo cikin shekara 2 zuwa 7, kamar El Nino, wato ɗumamar ruwan tsakiya da gabashin tekun Fasifik, da kishiyarsa La Nina. Wani sai ya yi shekara 20 ko 30 a gefe ɗaya. Akwai ma wanda ake cewa zagayensa na kai shekara 60 zuwa 80, mutum ya yi rayuwarsa kaf bai gan shi sau biyu ba.

Me ya sa sai da teku? Iska kaɗai ba ta isa ba?

Ba ta isa ba, saboda iska ba ta da riƙo. Hadarin da ya haɗu yau, nan da mako biyu ko alamarsa babu a sama. Shi ya sa hasashen yanayi na yau da gobe ba ya wuce kwana 10 zuwa 14 da abin kirki.

Teku kuwa ba haka yake ba. Ɗora tukunya biyu a wuta, ɗaya wayam, ɗaya cike da ruwa. Wadda babu komai a ciki nan take za ta ɗauki zafi, kana sauke ta kuma ta huce. Mai ruwan sai ta ja maka rai kafin ta yi ɗumi, in ta yi kuwa sai ta daɗe tana riƙe da shi. Kilo ɗaya na ruwa na buƙatar zafi kusan ninki 4 na abin da kilo ɗaya na iska ke buƙata kafin ya ƙaru da digiri ɗaya, ga shi kuma ruwa ya fi iska nauyi nesa ba kusa ba. Da aka lissafa, sai aka ga mita 3 kacal na saman teku na iya riƙe zafi daidai da na dukan iskar da ta lulluɓe duniya. Matsakaicin zurfin teku kuwa kusan mita 3,700 ne.

Ita iska ga hanzari ga mantuwa, shi teku ga nawa ga riƙo. Duk sauran bayanin da ke ƙasa daga wannan rashin daidaiton ya fito. Tun a 1976 wani Bajamushe, Klaus Hasselmann, ya nuna da lissafi cewa ko da iska na kaɗawa ne barkatai babu tsari, teku zai tara wannan hayaniya ya mayar da ita sauyi mai tafiyar hawainiya, na shekaru. Wannan aiki na cikin abin da ya ba shi kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2021.

Mene ne "martani" a wannan fanni?

Abu ya taɓa wani, shi kuma wanda aka taɓa ya juyo ya taɓa na farkon. Iri biyu ne. Akwai martani mai rura wuta, wanda ke ƙara wa sauyi ƙarfi, akwai kuma mai yayyafa ruwa, wanda ke rage shi.

Misali mafi kusa yana jikinka. Ka yi gumi, iska ta buso, sai ka ji sanyi, domin gumin da ke bushewa yana tafiya da zafin fata. Haka saman teku yake. Inda iska ta yi ƙarfi, ruwa na yawan zama tururi, saman teku ya huce. To a yankunan zafi iska takan nufi inda ruwa ya fi ɗumi ne. Idan wani sashe ya ɗan fi maƙwabcinsa ɗumi, iskar da yake jawowa kan iya raunana iskar da ta saba bi ta kansa, tururi ya ragu, ya ƙara ɗumi, ya ƙara jawo iska. Wannan shi ne mai rura wuta. Mai yayyafa ruwa kuwa: teku ya yi ɗumi sosai, gajimare ya taru a kansa ya tare rana, ruwan ya fara hucewa.

Abin lura shi ne, martani mai rura wuta shi kaɗai ba ya haifar da kai-komo, gudu kawai zai sa a yi ta yi gefe ɗaya. Mai yayyafa ruwa kuma in ya zo nan take, sai dai ya kashe sauyin tun yana jariri. Kai-komo na samuwa ne idan mai rura wutar ya zo da wuri, mai yayyafa ruwan ya zo a makare.

Yaya tekun Fasifik yake idan babu El Nino?

A karkace yake. A kusa da layin ikwaita akwai iska mai ɗorewa da ke busowa daga gabas zuwa yamma, wato daga gefen Kudancin Amurka zuwa gefen Indonesiya. Cika faranti mai faɗi da ruwa ka yi ta hura shi daga baki ɗaya, za ka ga ruwan ya taru a ɗaya bakin. Haka wannan iska ke yi wa Fasifik. Tana share ruwan saman da rana ta ɗumama, ta jibge shi a yamma, har saman teku a wajen Indonesiya ya fi na gaɓar Peru tudu da kusan rabin mita.

A ƙarƙashin ruwan ɗumin akwai wani shamaki, inda zafi ke faɗuwa da sauri a shiga ruwan sanyi na ƙasa. A yamma sai an nutsa mita 150 zuwa 200 kafin a tarar da shi. A gabas kuwa bai wuce kimanin mita 50 ba, don haka ruwan sanyi ke ɓulɓulowa sama a gaɓar Peru da Ekwado, ɗauke da sinadaran da ƙananan halittun ruwa ke rayuwa a kai. Shi ya sa wurin ke da arzikin kifi.

Sakamakon haka, yamma na kai digiri 29, gabas na tsayawa ƙasa da haka da digiri da dama. A kan ruwan ɗumi iska na tashi sama ta zubar da ruwa, ta bi ta can sama ta koma gabas, ta sauko a bushe a kan ruwan sanyi, sannan ta sake bin saman teku zuwa yamma. Ka ga an yi zobe. Bambancin zafin ne ke tuƙa iskar, iskar ce kuma ke samar da bambancin zafin. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ke nan.

To ta yaya El Nino ke tashi?

Zoben nan ne ke juyawa da baya. Iskar gabas ta ɗan yi rauni, ko wata iska ta buso daga yamma na 'yan kwanaki. Ruwan ɗumin da aka jibge sai ya fara zamewa gabas. Shamakin gabas ya nutse, ɓulɓulowar ruwan sanyi ta ragu, gabas ta yi ɗumi. Da bambancin zafi ya ragu, iskar gabas ta ƙara rauni, ruwan ɗumi ya ƙara zamewa. Ruwan sama ya bi shi, ya bar Indonesiya da arewacin Ostireliya cikin fari, ya je yana zuba a hamadar gaɓar Peru. La Nina ita ce ɗaya fuskar: iskar gabas ta yi ƙarfi fiye da kima, gabas ta ƙara sanyi, ruwa ya yi yawa a yamma.

Ma'aunin da hukumar NOAA ta Amurka ta daɗe tana amfani da shi na duba wani yanki ne a tsakiyar Fasifik da ake kira Nino 3.4. Idan zafinsa ya haura yadda aka saba da rabin digiri kuma ya ɗore watanni, an shiga El Nino. A manyan da aka gani, na 1982-83 da 1997-98 da 2015-16, ƙarin ya kai ko ya wuce digiri 2.

Sunan kuwa daga masuntan Peru ya fito. Sun lura wani ruwa mai ɗumi na zuwa musu wajen lokacin Kirsimeti, sai suka kira shi El Nino, wato "yaron" da Sifaniyanci. Sun kuma san illarsa tun kafin masana. A 1970 Peru ta kama ƙananan kifin ancobi fiye da tan miliyan 12. Da El Nino na 1972 ya haɗu da kamun da ya riga ya wuce ƙima, a 1973 abin da aka samu bai kai tan miliyan 2 ba.

Wa ya gano cewa teku da iska ne ke wannan rawa tare?

Mutum biyu, kuma tsakanin aikinsu akwai shekara fiye da 40. Na farko Gilbert Walker, Baturen Ingila masanin lissafi, wanda ya zama shugaban ofishin yanayi na Indiya a 1904, bayan yunwar da rashin ruwan 1899 ya jawo. Burinsa ya iya hasashen daminar Indiya. Ya yi ta tara alƙaluman matsin iska daga tashoshin duniya, sai ya ga wani abu kamar sikeli: in matsin ya hau a gabashin Fasifik sai ya sauka a wajen tekun Indiya, in ya sauka can ya hau nan. A shekarun 1920 ya sa masa suna kai-komon kudu. Har yau ana auna shi da bambancin matsin iska tsakanin tsibirin Tahiti da ke Fasifik da birnin Darwin na Ostireliya. Amma Walker bai kai ga teku ba, hasashen da ya nema ma bai samu yadda yake so ba.

Na biyu Jacob Bjerknes, ɗan asalin Norwe da ke koyarwa a Los Angeles. Da ya duba bayanan El Nino na 1957-58, ya gane cewa sikelin Walker da ruwan ɗumin masuntan Peru abu ɗaya ne da aka kalla ta taga biyu. Ya wallafa haka a 1969, ya kuma sa wa zoben iskar nan sunan Walker. Daga nan aka haɗe sunan El Nino da na kai-komon kudu, a Turance a taƙaice ya zama ENSO.

Idan martanin na ƙara wa kansa ƙarfi, me ke tsayar da shi?

Wannan ita ce tambayar da Bjerknes kansa ya bari a buɗe, kuma a ganina ita ce zuciyar maganar.

Amsar tana ƙarƙashin ruwa. Lokacin da iska ta sauya a tsakiyar Fasifik, saƙo biyu take aikawa a lokaci ɗaya, ɗaya gabas, ɗaya yamma. Saƙonnin nan igiyoyin ruwa ne masu tafiya a kan shamakin da muka ambata. Wanda ke cikin jirgi ba zai ji su ba, domin a sama 'yan santimita kawai suke ɗaga ruwa, alhali a ƙasa suna motsa shamakin da mita gomomi. Ta gabas, igiyar Kelvin, ita ce mai sauri, takan ƙetare Fasifik cikin wata 2 zuwa 3, tana danna shamakin ƙasa, tana kai ɗumi gaɓar Kudancin Amurka. Ta yamma, igiyar Rossby, saurinta kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ta farkon, kuma saƙonta akasi ne, ɗaga shamakin take yi. Tana isa wajen Filifin da Indonesiya sai ta bugi gaɓa, wani ɓangarenta ya juyo ya kama hanyar gabas. Bayan watanni ta iso inda El Nino ke cin kasuwarsa, ɗauke da sanyi. Wato ranar da El Nino ya tashi, ranar ya aika wa kansa sammaci, sai dai masinjan ne ya bi doguwar hanya.

Akwai wata hanyar kallon abin, wadda Fei-Fei Jin ya tsara a 1997, bisa abin da Klaus Wyrtki ya fara lura da shi a ma'aunan tudun teku tun shekarun 1970. A wannan bayanin, yankin ikwaita tamkar tanki ne. Shekarun da iskar gabas ke da ƙarfi, ana cika shi da ruwan ɗumi. El Nino shi ne buɗe famfo: zafin ya bazu gabas, wani ya fita zuwa iska, wani ya gangara arewa da kudu. Tankin na yin ƙasa, shamakin ya taso, ruwan sanyi ya samu hanya, sai La Nina. Kafin a sake wani babban El Nino sai an sake cika tankin, cikawar kuwa aikin shekaru ce. Shi ya sa La Nina kan iya jerawa, kamar yadda ta yi shekara uku daga 2020 zuwa farkon 2023, amma da wuya ka ga manyan El Nino biyu a jere.

Me ya sa ba ya zuwa a ƙayyadadden lokaci?

Saboda cikar tanki sharaɗi ce kawai, sai an samu mai buɗe famfon, shi kuma yana hannun iska, wadda ba ta da alƙawari. Sau da yawa abin da ke tayar da shi wasu 'yan gajerun iskokin yamma ne, waɗanda kan biyo wani gungun hadari mai zagaya yankunan zafi duk kwana 30 zuwa 60. A farkon 2014 ruwan ɗumi ya taru, babbar igiyar Kelvin ta tafi gabas, aka yi ta shelar babban El Nino. Iska ta ƙi ba da haɗin kai, abin ya lafa. Sai a 2015 ya zo da ƙarfinsa.

Yaya abin da ke faruwa a Fasifik ke isa ƙasashe masu nisa?

Tururin da ya zama ruwan sama na sakin zafi mai yawa a can sama. Tarin hadarin yammacin Fasifik na cikin manyan murhun da ke tuƙa iskar duniya. Ka matsar da murhu dubban kilomita, dole hanyoyin iska su sauya. A shekarun El Nino damina kan yi rauni a Indiya, fari kan faɗa wa kudancin Afirka da arewa maso gabashin Birazil, jihohin kudancin ƙasar Amurka kan samu ruwa, mahaukaciyar guguwa kuma kan ragu a tekun Atlantika saboda iskar sama na yanke kanta tun tana haɗuwa. El Nino na 1877-78 ya zo tare da farin da ya hallaka miliyoyin mutane a Indiya da Sin da Birazil, ko da yake yadda mahukunta suka tafiyar da lamarin ya ƙara wa yunwar muni. A La Nina ta 2010-11 kuwa ruwan da ya zuba a kan tudu, musamman Ostireliya, ya yi yawan da har tudun tekun duniya ya sauka da kusan milimita 5 na ɗan lokaci.

A kula da kalmar "kan". El Nino na karkatar da sikeli ne, ba ya yanke hukunci. A 1997, duk da girmansa, daminar Indiya ta zo daidai misali.

Sauran tekuna fa?

Tekun Indiya na da nasa sikelin tsakanin gaɓar gabashin Afirka da ta Sumatra, wanda aka bayyana a 1999. Idan yamma ta yi ɗumi gabas ta yi sanyi, Kenya da Somaliya kan sha ambaliya, Indonesiya da Ostireliya su bushe. Haka aka yi a ƙarshen 2019, aka ga ruwa a gefe ɗaya, gobarar daji a ɗaya gefen. Atlantika ma na da ɗan ƙaramin El Nino a mashigin Gini, amma da yake tekun bai kai Fasifik faɗi ba, igiyoyin na saurin kai-komo, abin bai cika yin ƙarfi ko daɗewa ba.

Mene ne PDO da ake cewa yana ɗaukar shekaru gomomi?

Kai-komon zafin arewacin tekun Fasifik ne, kuma masu binciken kifi ne suka fito da shi. Nathan Mantua da Steven Hare da abokan aikinsu sun lura a 1997 cewa shekarun da kifin salmon ke yawa a Alaska, yakan yi ƙaranci a gaɓar Washington da Oregon, bayan shekara 20 ko 30 kuma lamarin ya juye. Juyin ya dace da zafin arewacin Fasifik: gaɓar Amurka ta yi sanyi daga wajen 1947 zuwa 1976, sannan a 1976-77 ta koma ɗumi kusan dare ɗaya.

Yau yawancin masana na kallonsa a matsayin gamayyar abubuwa da dama masu saurin tafiya daban-daban. Akwai saƙon El Nino da ke isa arewa ta iska. Akwai igiyoyin Rossby, waɗanda a can nesa da ikwaita sukan yi shekaru kafin su ƙetare teku. Akwai kuma wani abu mai ban sha'awa: a lokacin sanyi guguwa na gauraya ruwa har zurfi, da zafi ya shigo sai siririn ruwan ɗumi ya rufe saman, yanayin sanyin da ya wuce ya kwanta a ƙasa a ɓoye. Sanyi na dawowa, guguwa ta tono shi. Ta haka teku ke miƙa wa bana abin da ya ajiye bara.

Na Atlantika mai shekara 60 zuwa 80 fa, gaskiya ne?

A nan ne gardama ta fi zafi. Abin da ma'auni ya nuna ba a musu a kai: arewacin Atlantika ya yi ɗumi daga wajen 1930 zuwa farkon shekarun 1960, ya yi sanyi har tsakiyar shekarun 1990, ya sake ɗumi. Tasirinsa ma a fili yake. Layin ruwan sama na yankunan zafi na karkata ne zuwa ɓangaren duniya da ya fi ɗumi, don haka da arewacin Atlantika ya huce, layin ya ja da baya zuwa kudu, yankin Sahel ya faɗa farin shekarun 1970 da 1980. Da farko an ɗora laifin a kan kiwo da sare itatuwa. Aikin Chris Folland da abokansa a 1986, da na Alessandra Giannini a 2003, ya nuna cewa zafin tekuna ne babban direba, lalacewar ƙasa ƙari ce a kai.

Inda aka rabu shi ne dalili. Wasu na cewa jujjuyawar ruwan Atlantika ce ke sauri da lafawa da kanta. Wasu na cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka bayan yaƙin duniya na biyu ne ya tare rana ya sanyaya tekun, da aka kafa dokokin tsaftace iska kuma ya sake ɗumi. Michael Mann, wanda na cikin waɗanda suka yayata sunan AMO da ake kiran wannan kai-komo na Atlantika da shi, ya fito a 2021 ya ce abin da ake gani a ƙarnonin baya sawun aman duwatsu ne. Ni dai ina ganin kalmar kai-komo ta yi wa wannan abu girma. Ma'aunin da aka dogara da shi bai fi na shekara 150 da 'yan kai ba, zagaye biyu ke nan da ƙyar. Wanda ya ji an buga ganga sau biyu bai isa ya ce ya san kiɗan ba.

Ina ruwan gishiri a wannan magana?

Gishiri da sanyi ne ke sa ruwa nauyi. Ruwan ɗumi mai gishiri na tafiya arewa ta saman Atlantika, ya isa wajen Girinlan da Aisilan, ya saki zafinsa, ya yi nauyi ya nutse, ya koma kudu ta can ƙasa. Wannan ita ce jujjuyawar da ake kira AMOC. Na'urorin da aka jera a faɗin tekun tun 2004 sun nuna tana ɗaukar ruwa kimanin mita kubik miliyan 17 a daƙiƙa, fiye da ninki 10 na dukan kogunan duniya a haɗe.

Henry Stommel ya nuna haɗarin tun 1961. Jujjuyawar ce ke kawo gishirin da ke sa ruwa nutsewa, nutsewar ce kuma ke jan jujjuyawar. Ka tsarma arewa da ruwan daɗi, na ƙanƙarar da ta narke ko na sama, nutsewa ta ragu, gishirin da ke zuwa ya ragu, nutsewa ta ƙara raguwa. Ƙanƙarar Girinlan da aka haƙo ta nuna cewa a zamanin ƙanƙara na ƙarshe an yi tsalle kusan sau 25, inda zafin yankin ya hau da digiri 8 zuwa 15 cikin shekaru gomomi kaɗan, kuma duk lokacin da arewa ta yi sanyi, Antatika na ɗumama a hankali. Rahoton 2021 na IPCC, kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ce akwai yiwuwa sosai AMOC ta yi rauni a wannan ƙarni. Game da rugujewa kwatsam kafin 2100, ya ce ba ya sa ran haka, amma da matsakaicin tabbaci kawai.

Da me ake auna duk wannan?

El Nino na 1982-83 ya shammaci kowa. Ƙurar dutsen El Chichon na Meziko, da ya yi aman wuta a 1982, ta rikita abin da taurarin ɗan'adam ke karantawa, har abin ya yi nisa ba a farga ba. Wannan kunya ce ta sa aka kafa na'urori kusan 70 masu anga a faɗin Fasifik, aka kammala a 1994. Daga baya aka zo da Argo, wasu tulunan ƙarfe kusan 4,000 da ke yawo a tekunan duniya. Kowanne na nutsewa ya yi kwanaki yana bin ruwa, ya gangara har mita 2,000, sannan ya taso yana auna zafi da gishiri, ya leƙo sama ya tura wa tauraron ɗan'adam, ya koma. Duk kwana 10 haka.

Na zamanin da kuwa, sai a tambayi murjani, wanda ke girma layi-layi yana adana alamar zafin ruwa, da zoben cikin itatuwa, da lakar ƙasan tafkuna. Su suka nuna El Nino ya yi dubban shekaru yana zuwa.

Za a iya hasashensa?

El Nino, e, zuwa wani matsayi. Mark Cane da Stephen Zebiak ne suka fara yin nasara da kwamfuta, suka hango na 1986-87. Yanzu ana iya ganinsa wata 6 zuwa 9 kafin ya nuna, sai dai hasashen da aka yi kafin watannin Maris zuwa Mayu bai cika riƙuwa ba, domin lokacin ne ɗaurin da ke tsakanin teku da iska ya fi saki. Masu shekaru gomomi kuwa, in ban da arewacin Atlantika inda ake samun 'yar nasara ta wasu shekaru, har yanzu da sauran aiki.

Shin ɗumamar duniya ba wani kai-komon ba ne kawai?

A'a, kuma hujjar mai sauƙi ce. Kai-komo ba ya ƙirƙirar zafi, matsar da shi yake yi. In iska ta ɗumama saboda El Nino, teku ne ya biya, dole a ga ajiyarsa ta ragu. Abin da ma'auni ke nunawa tun shekaru gomomi shi ne iska na ɗumi, ƙasa na ɗumi, ƙanƙara na narkewa, teku ma na ɗumi, shi ne ma ya shanye kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin. Aljihu duka sun cika a lokaci ɗaya, ka san kuɗin daga waje suka shigo. Iskar kabon da ke sama ta tashi daga kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa fiye da 420.

Abin da kai-komo ke yi shi ne ya sa hawan ya zama na matakala. Daga 1998 zuwa wajen 2012 zafin saman duniya ya rage saurin hawa, har wasu suka ce ɗumama ta tsaya. A shekarun nan iskar gabas ta Fasifik ta yi ƙarfi, tana tura zafi cikin teku. Da El Nino ya buɗe famfo, 2016 ta kafa tarihi, 2023 ta karya shi, 2024 ta karya na 2023. Shekarun La Nina na yanzu, waɗanda ake kira masu sanyi, sun fi 1998 zafi, ita da ta zo da ɗaya daga cikin manyan El Nino na ƙarnin da ya wuce.

Ɗumamar za ta sauya El Nino kansa?

Kan ƙarfin juyin zafin teku, kwamfutocin hasashe ba su yi baki ɗaya ba, domin ɗumama na ƙarfafa wasu martanin tana raunana wasu. Akwai ma wani ƙulli: yawancinsu na cewa gabashin Fasifik zai fi yamma saurin ɗumi, amma a shekaru 40 da suka wuce akasin haka aka auna. Kan ruwan sama kuwa bakinsu ya fi zuwa ɗaya. Duk ƙarin digiri ɗaya na ba iska damar ɗaukar tururi kusan kashi 7 cikin 100 fiye da da. Ko da El Nino bai ƙara girma ba, inda ya kai ruwa zai zuba da yawa, inda ya janye shi kuma ƙasa za ta fi saurin bushewa.